Zuwa ga Edita: cire bututun numfashi da wuri bayan aikin zuciya ba sakaci bane

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan bani fili a shafin wasiƙu in yi magana akan wani abu da yake yawan haɗa mu ma'aikatan asibiti faɗa da 'yan uwan marasa lafiya, wato bututun numfashin nan da ake zura wa mutum a maƙogwaro in za'a yi masa aikin zuciya irin wanda ake buɗe ƙirji, da yanda yanzu likitoci suke cire shi da wuri, awa huɗu ko biyar bayan an fito da mutum daga tiyata, wani lokacin ma tun yana kan gadon tiyatar. Ni nas ce, a ɗakin kulawa ta musamman nake aiki wanda kowa ya fi sani da ICU, kuma Allah ya sa na taɓa zuwa ƙaro sani a wani asibitin zuciya a Indiya, toh abun da zan faɗa ba a littafi kawai na karanta ba.

Mutanenmu suna fita aikin zuciya sosai yanzu, wasu Indiya wasu Masar, a da can da yawa Sudan suke nufa saboda cibiyar Salam dake kusa da Khartum wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007 tana yin aikin kyauta, sai dai yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa hanyar ta yi wuya. Kuma abun da na lura dashi shine tsoro iri biyu ne yake kama masu jinya kuma suna karo da juna. In suka leƙa ta gilashi suka ga ɗan uwansu kwance da bututu a baki inji yana hura masa iska sai kuka ya tashi a fara buga waya gida wai an sa shi a inji, don a wajenmu wanda aka ce yana kan inji kamar an gama dashi ne ana jiran lokaci. Bayan 'yan awoyi kuma in aka ce musu an cire sai wani sabon tashin hankalin, ya za'a yi a raba mutumin da aka tsaga ƙirjinsa ɗazu da injin da yake taimakonsa, anya ba wani mai kuɗi za'a bawa injin ba. Duka biyun rashin bayani ne ya kawo su, kuma gaskiya laifin namu ya fi yawa tunda mu ne bama zama mu yi wa mutane bayani da yaren da suke ji.

Bari in fara da dalilin sa bututun. Duk wanda za'a yi wa irin wannan aikin sai an sa masa, ba wai don jikinsa ya rikice ba. Likitan sa barci zai bashi magunguna masu ƙarfi, harda wanda yake sakar da naman jiki gaba ɗaya ta yanda ko numfashi mutum bazai iya ja da kansa ba, daga nan sai a zura bututun ta baki ya wuce ta tsakanin jijiyoyin murya ya shiga hanyar iska, a ƙarshensa akwai 'yar balan-balan da ake hurawa da sirinji don ta toshe gefe kar yawu ko abun cikin ciki ya gangara huhu. Shi yasa mai bututu baya iya magana ko da ya farka garau, iskar bata taɓa jijiyoyin muryar. A cikin aikin kuma yawanci ana haɗa mutum da injin da yake karɓar aikin zuciya da huhu, a tsayar da zuciyar cak a yi gyaran da za'a yi, huhun ma a barshi ya sace, sau da yawa a ɗan sanyaya jikin, in an gama a tada zuciyar a sake hura huhun a ɗaure ƙashin ƙirji da waya a ɗinke. Wanda ya bi ta wannan hanyar dole ya ɗan buƙaci taimako kafin ya dawo daidai. Tambayar kawai itace taimakon na awa nawa ne.

A da amsar itace sai gobe da safe, kuma akwai tarihin da ya kawo hakan. Tun 1953 da Dakta John Gibbon ya yi aikin farko da ya yi nasara da injin zuciya da huhu a Filadelfiya ta Amurka, babbar matsalar masu sa barci itace magungunan lokacin suna danne zuciyar da dama can a gajiye take. A 1969 wani likita a Boston mai suna Edward Lowenstein da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya bada mofin, wato wani maganin kashe ciwo mai ƙarfi, mai yawan gaske ta jijiya zuciyar bata girgiza ba, daga baya aka koma fentanil wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Zuciya ta samu sauƙi amma waɗannan magungunan in suka yi yawa suna kashe wa mutum sha'awar numfashi na awoyi masu yawa, don haka sai ya zama kowa ya kwana a kan inji, ana ƙara masa maganin barci cikin dare don kar ya farka ya yi kokawa da bututun, sai da safe in manya sun zo zagaye a duba a cire. Abun da ya fara da larura sai ya koma al'ada, har ana ganin ai hutar da zuciya ake yi.

Wajen shekarun 1990 abubuwa suka canza, masu buƙatar aikin suka yi yawa a Turai da Amurka gadajen ICU suka kasa, kuɗi ya yi tsada, sannan aka samu magungunan barci da suke barin jiki da sauri in an kashe su. Sai likitoci suka fara tambayar kansu wai shin kwanan nan a kan inji wa yake amfana. A 1996 Dakta Davy Cheng da tawagarsa a Toronto ta Kanada suka fitar da binciken da suka raba marasa lafiya gida biyu, wasu a cire musu cikin awa shida wasu a barsu yanda aka saba, suka ga waɗanda aka cire wa da wuri basu fi samun matsala ba, sun bar ICU da wuri, kuɗin aikin ma ya ragu da wajen kashi 25 cikin 100. A 2016 masu tattara bincike na Cochrane suka haɗa bincike 28 da ya shafi mutum sama da 4,000, sakamakon dai ɗaya, ga wanda hatsarin aikinsa bai yi tsanani ba mutuwa bata ƙaru ba, manyan matsaloli basu ƙaru ba, zaman ICU ya ragu. Amma fa don kar in yi tallan da ya wuce gaskiya, su ɗin dai sun ce jimillar kwanakin da mutum yake yi a asibiti kafin sallama basu ga ta ragu ba. Zuwa 2019 ƙa'idojin da masana farfaɗowa bayan aikin zuciya suka fitar sun ce a yi ƙoƙarin cirewa cikin awa shida, kuma ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Amurka in mutum ya wuce awa 24 a kan inji a cikin matsalolin aikin take lissafa shi. Kaga kenan abun da masu jinya suke ɗauka kulawa ce ta musamman, a wajen masu aikin alama ce ta cewa wani abu bai tafi daidai ba.

Ni da nake tsaye a kansu zan gaya maka me bututun yake yi wa mutum in ya daɗe. Mai bututu baya iya tari yanda ya kamata, kakin da ya taru sai dai mu zura 'yar roba mu zuƙo, kuma wallahi wannan zuƙowar ba daɗi, zaka ga hawaye na bin gefen idon babban mutum. Bututun kansa hanya ce a buɗe daga waje zuwa huhu, duk kwanan da aka ƙara hatsarin nimoniya yana ƙaruwa kuma ƙwayoyin cutar da suke zama a ICU ba irin na gida bane, da yawansu sun saba da magungunan da muke dasu. Don mutum ya jure bututun sai an ci gaba da bashi maganin barci, shi kuma maganin yana sauke hawan jini sai a ƙara wani maganin na ɗaga shi, ga tsofaffi kuma in sun farka sai ka ga sun rikice basu san dare ba basu san rana ba, wani yana fizge-fizge yana ganin abubuwan da babu su, 'yan uwa su ce iska ce ta taɓa shi. Ga ciwon maƙoshi ga dashewar murya ga wahalar haɗiya daga baya. Sannan ita kanta iskar da inji yake turawa da ƙarfi tana ƙara matsi a cikin ƙirji ta rage jinin da yake dawowa zuciya, saɓanin numfashin da mutum yake ja da kansa wanda yake taimakawa jinin ya dawo. Wannan ya fi fitowa fili a wasu yaran da aka haifa da zuciya mai ɗaki ɗaya mai aiki, waɗanda ake yi musu aikin da jini zai dinga gangarawa huhu ba tare da bugun zuciya ya tura shi ba, su kam numfashin kansu magani ne, likitocinsu har ɗoki suke su ga an cire. In mota ta tashi ai ba'a ci gaba da tura ta.

Kuma ba wai agogo ake kallo kawai a fizge ba, wannan shine abun da nake so mutane su gane. Akwai abubuwan da sai sun cika. Mara lafiya zai iso ICU jikinsa da sanyi, sai mu lulluɓe shi da bargon da ake hura wa iska mai ɗumi har zafin jikinsa ya kai digiri 36, don mai rawar sanyi yana cinye oksijin da yawa kuma jininsa baya daskarewa da kyau. Akwai robobi da suke fitowa daga ƙasan ƙirji suna zubar da jini a wani mazubi mai ma'auni, duk bayan ɗan lokaci muna duƙawa mu duba mu rubuta, in jinin yana ta zuwa ba sassauci ba mai taɓa bututu don wataƙila a koma dashi tiyata. Muna kallon bugun zuciya da hawan jini da yawan fitsari, muna ɗiban jini a jijiyar hannu mu sa a na'ura ta gaya mana yawan oksijin da gurɓatacciyar iskar da ke ciki. In duk wannan ya yi kyau sai a kashe maganin barci a jira.

Wannan jiran shine wajen da aikin nas yake. Mutum zai fara motsa gira, ya buɗe ido bai san inda yake ba, abu na farko da hannunsa zai nufa shine bakinsa, shi yasa wani lokacin zaka ga an ɗan ɗaure hannayen da ƙyalle mai laushi, ba mugunta bace. Sai ki matso daidai kunnensa ki kira sunansa ki ce Baba an gama aiki, an yi nasara, akwai roba a bakinka bazaka iya magana ba yanzu, kar ka cije ta, yanzun nan zamu cire. Ki ce ya matse miki hannu, na dama sannan na hagu, ya motsa ƙafafu, ya ɗago kansa daga filo ya riƙe na ɗan lokaci. Ba wasa muke masa ba, muna duba ko maganin sakin jiki ya gama fita ne kuma muna duba ko ƙwaƙwalwa lafiya, don shanyewar ɓarin jiki tana cikin abubuwan da ake tsoro a aikin zuciya. Daga nan a rage taimakon injin ya zama shi yake jan numfashin injin yana ɗan tallafa masa kawai, a bashi kamar rabin awa a haka a sake duba jini. In ya ci wannan jarabawar sai a ɗaga kan gadon ya zauna sosai, a zuƙe bakin da bututun, a kwance igiyar da ta riƙe shi, a sace balan-balan ɗin, a ce ja numfashi sosai, yi tari, yana tarin ana zarewa, gaba ɗaya bai fi ƙiftawar ido biyu ba. A sa masa abun oksijin a fuska a ce faɗi sunanka. Muryar tana fitowa a dashe kamar ta mai mura, namu na gida yawanci salati suke fara yi, abu na biyu kuma ruwa, kowa ruwa yake nema.

A kan ruwan nan ina roƙon masu jinya don girman Allah. Awoyin farko bayan cire bututu maƙogwaro bai gama dawowa ba, mutum zai iya shaƙewa ruwan ya tafi huhu ba tare da ya yi tari ba ma. Na sha kama 'yar gora a cikin hijabi ko aljihun babbar riga, zamzam ne ko rubutu ko ruwan addu'a an taho dashi tun daga gida, ana jira nas ta juya baya a ɗura masa. Ba wanda ya hana addu'a, mu ma muna yi, a shafa masa a goshi a hannu, in lokacin sha ya yi mu da kanmu zamu ce bismillah a fara da wannan ɗin da cokali. Amma ɗurawa a ɓoye tana iya maida mutumin da ya tsallake aikin awa biyar kan injin da aka raba shi dashi.

Wani kawuna da aka canza wa ɗansa bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da take hana jini komawa baya, a ƙasar waje, da suka dawo muka je sannu da zuwa yaron na zaune a tsakar gida yana cin tuwonsa, amma kawu bai huce ba. Wai shi abun da ya tsaya masa a rai, sun saida gona sun haɗa da gudummawar dangi sun biya kuɗi mai yawa, amma ko sallar isha'i ba'a yi ba aka cire wa yaron inji, washegari kuma aka tashe shi aka zaunar a kujera harda sa shi takawa, ya ce min ke da kike aikin asibiti gaya min, gaggawa ba aikin shaiɗan bace? Na ce kawu da kun kwana uku kuna kallonsa a kan injin nan da kuɗin da zaku ƙara sai ya kusa cin wata gonar, kuma da ba lallai yana zaune nan yana cin tuwo ba. Ya yi shiru ya ce toh ai ba wanda ya gaya musu haka, tafintan da aka basu ma ba ya zuwa sai da rana. Kuma gaskiyarsa ne.

Sai dai akwai inda nake ja da masu ɗaukar abun kamar gasa. Na ga wuraren da ake alfahari da cewa mu tun a kan gadon tiyata muke cirewa, kamar wanda ya fi sauri shi ya fi iyawa. Mayar da bututu bayan an cire ba ƙaramin abu bane, ana yinsa ne a gaggauce mutum yana haki oksijin yana sauka, kuma waɗanda aka mayar wa sun fi daɗewa a ICU sun fi shiga hatsari. Akwai waɗanda tun farko an san ba'a yi musu sauri, wanda zuciyarsa ta fito a raunane tana kan magunguna masu yawa, wanda aikinsa ya ja lokaci sosai, wanda aka shiga dashi a gaggauce, mai tsohon ciwon huhu ko ƙoda, wanda jini ya ƙi tsayawa. Irin waɗannan in an barsu kwana ɗaya ko biyu ko fiye ba gazawa bace kuma ba alamar an fidda rai bane.

Sannan mu tuna yawancin binciken nan a kan dattawan Turawa aka yi shi masu toshewar jijiyoyin zuciya. Namu marasa lafiyan daban ne, da yawansu yara ne da matasa da 'yan mata waɗanda ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba'a yi maganinsa da penisilin ba ya koma ya lalata musu bawul, kuma basa isowa sai abu ya yi nisa, an yi shekaru ana maganin asma ko sammu, zuciya ta kumbura, hawan jinin huhu ya hau, jiki ya rame ba jini. Ta wani ɓangaren ƙuruciyarsu tana taimakonsu, basu da suga basu sha taba shekara talatin ba, suna farfaɗowa da saurin da zai baka mamaki. Ta wani ɓangaren kuma mai hawan jinin huhu in numfashinsa ya yi rauni kaɗan gurɓatacciyar iska ta taru, jijiyoyin huhun sai su ƙara tsukewa ɓangaren dama na zuciya ya kasa. Don haka awa shidan nan manufa ce, likitan da yake gaban gadon shi zai auna wanda yake gabansa.

Yanzu in dawo gida. A Najeriya tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a asibitin koyarwa na Inugu, su Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub ɗan Masar, amma yau shekara hamsin da ɗoriya har yanzu wuraren da suke yin aikin a kai a kai 'yan kaɗan ne, da yawa sai tawaga ta zo daga waje a yi mako ɗaya ko biyu ana yi sannan a tattara kaya sai wani zuwan. A irin wannan yanayin cirewa da wuri ta fi mana amfani fiye da Turawan da suka ƙirƙiro ta. ICU ɗin da yake da injin numfashi uku ko huɗu, in na yau ya kwana biyu a kai to na gobe an ɗaga aikinsa, kuma wataƙila tawagar ta tafi bai samu ba. Lokacin korona kowa ya ji yanda injinan nan suka yi ƙaranci a ƙasar nan. Ga wuta, duk wanda ya taɓa tsayawa yana matsa jakar iska da hannu a cikin duhu yana jiran janareta ya tashi ya san mutumin da yake numfashi da kansa ya fi kwanciyar hankali. Ga silindar oksijin da take ƙarewa ƙarfe biyun dare mai makullin sito yana gida.

Amma fa abun yana da tsadarsa ta wani wajen, kuma nan ne nake so shugabannin asibitoci da ma'aikatun lafiya su saurara. Aikin da aka fara da safe ana fitowa da rana, awa shidansa tana faɗawa ne da daddare, lokacin da manyan likitoci sun tafi gida. In babu nas ɗaya a kan mara lafiya ɗaya wadda ta san aikin, in babu rubutacciyar ƙa'ida da ta bata ikon rage maganin barci ta fara shirya shi ba sai ta jira safiya ba, in babu likitan da yake kwana a cikin asibitin wanda zai iya mayar da bututu cikin minti biyu, in na'urar gwajin jinin tana nan amma kayan aikinta sun ƙare tun watan jiya, toh ba'a isa a yi ba, kuma in aka yi ganganci ne. Mu kuma ƙwararrun nas ɗin ICU kullum raguwa muke, wadda kika koya wa aiki bara bana tana Ingila ko Saudiyya, ban ga laifinta ba don na san albashin. Ana son a sayo inji a kira 'yan jarida a yanke ƙyalle, amma horar da mutum goma da riƙe su ba ya fitowa a hoto. Kuma maganin ciwo ma sai an tanada, don in ka rage masu sa barcin dole ka maye gurbinsu da wani abu, farasitamol ta jijiya a kan lokaci, da allurar kashe zafi da ake yi a gefen ƙashin ƙirji, ba wai a bar mutum da azaba a ce ya yi haƙuri ba.

Maganar ciwo ta tuna min da halinmu na dauriya. Zaka tambayi dattijo Baba akwai ciwo ya ce alhamdulillahi da sauƙi, alhali gumi yana keto masa yana numfashi sama-sama don kar ƙirjin ya motsa, mata kuma kunya, musamman in suruki ko babban ɗa yana wajen. Wannan numfashin sama-saman shi yake sa ƙasan huhu ya manne kaki ya taru zazzaɓi ya biyo baya. Bayan an cire bututu aikin ya koma hannun mara lafiya, sai ya ja numfashi mai zurfi, ya rungume filo a ƙirji ya yi tari, ya dinga jan iska a 'yar na'urar nan mai ƙwallaye yana ɗaga su, ya tashi ya zauna ya taka in an ce ya taka. Wayar da aka ɗaure ƙashin da ita da wuya tari ya tsinka ta. Duk wannan bazai yiwu da ciwo ba, don haka faɗin cewa yana min zafi taimakon kai ne, a faɗa a karɓi magani.

Wanda yake da aiki a gabansa ko zai raka wani, tun kafin ranar ya nemi ganin likitan sa barci ba likitan tiyata kaɗai ba, ya tambaye shi yaushe kuke sa ran cire bututun, me zai sa ku jinkirta, wa yake kwana da mara lafiya. In da tafinta a tabbatar an fassara wa shi mara lafiyan kansa, ba a yi ta magana da ɗan rakiya shi yana gefe kamar ba jikinsa za'a buɗe ba, don wanda aka gaya wa tun farko cewa zaka farka da roba a baki bazaka iya magana ba kuma na ɗan lokaci ne, wallahi farkawarsa daban ce da ta wanda ya tsinci kansa a haka, na farkon zaka ga ya kalle ki ya gyaɗa kai, na biyun sai mutum uku sun riƙe shi har a ƙara masa maganin barci a koma baya. Ku shirya alamu da hannu tun a gida, wannan ciwo, wannan ƙishi, wannan a juya ni, wanda ya iya rubutu boko ko ajami a ajiye masa takarda da biro. Mai shan taba ko shisha ya ajiye makonni kafin aikin ba daren aikin ba, mai ruɓaɓɓen haƙori ya je a duba shi musamman in bawul za'a canza.

Malam Edita in da hali ku gayyato likitan sa barci ko nas ɗin ICU a shafinku na lafiya mutane su turo tambayoyinsu a amsa musu da Hausa, don mu a bakin ƙofar ICU minti biyu muke samu da masu jinya kafin ƙararrawar wani gadon ta kira mu. Na gode da wannan fili, Allah ya bawa marasa lafiyarmu lafiya na gida da na asibiti.

Taku,
wata ma'aikaciyar jinya, daga Kano